Aya, Waƙafi Ko Mahaɗi: Wace Hanya Ta Fi Dacewa Wajen Gyara Jimlar Turanci Da Ta Zarce?

Duk malamin da ya taɓa zama da jan biro yana duba insha'in Turanci na ɗaliban sakandare a garin nan na Kaduna ya san irin wannan jimla: "The rain started we ran into the mosque." Ya kuma san 'yar'uwarta: "The rain started, we ran into the mosque." Masu nahawun Turanci suna kiran ta farko fused sentence, ta biyu comma splice, dukkansu kuma suna ƙarƙashin abin da ake ce wa run-on sentence, wato jimlar da ta zarce inda ya kamata ta tsaya. Kalmomin daidai suke, lokacin aikatau daidai, ma'ana a fili take. Duk da haka mai duba takarda zai zagaye wurin ya rage maki.

Ɗalibai da yawa suna zaton tsawon jimlar ne laifin, har ma ka ji malami yana ce wa aji su daina rubuta doguwar jimla. Ba nan matsalar take ba. "I called he refused" kalma huɗu ce kacal, amma ta zarce, alhali ana iya samun jimla mai kalma hamsin da take lafiya lau. Laifin shi ne a kawo ganga biyu tsayayyu a jera su babu abin da ya haɗa su, ko kuma a haɗa su da waƙafi kaɗai. Ganga tsayayya ita ce jerin kalmomi mai aikau (wanda ya yi aikin) da aikatau (kalmar aikin), wadda in ka tsame ta ka ajiye ta ita kaɗai za ta ba da cikakkiyar ma'ana. A ƙa'idar rubutun Turanci waƙafi ba shi da ƙarfin riƙe irin waɗannan guda biyu, kamar dai a ce za a ɗaure tarago biyu na jirgin ƙasa da igiyar shanya.

Ina so ɗalibi Bahaushe ya san cewa wannan kuskure ba alamar daƙiƙanci ba ce. Harshenmu ne yake aiki a ƙarƙashin Turancin. "Na fito daga Rigasa, na hau Keke, na sauka a Kasuwar Barci, na sayi yadi" Hausa ce tsantsa, babu malamin da zai taɓa ta. Mu muna jera ayyuka ne ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lamirinsa, kuma "da" ɗinmu sunaye take haɗawa, ba ta haɗa jimloli. Yaron da ya tashi da wannan tsari a kunnensa, in ya ɗauki biro sai ya rubuta: "I left Rigasa, I took a tricycle, I got down at Kasuwar Barci, I bought some cloth." Ya yi kuskure uku a layi ɗaya bai sani ba.

Kuskuren kuwa yana da tsada. A jarrabawar Turanci ta WAEC sashen insha'i yana da maki 50, ana kuma son ɗalibi ya rubuta abin da bai gaza kalma 450 ba. An kasa makin kashi huɗu: 10 na ƙunshiya, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na kiyaye ƙa'idojin rubutu da nahawu. A wannan kashi na ƙarshe rabin maki ake cirewa kan kowane kuskure, kuskure 20 ke nan sun cinye shi gaba ɗaya. Wanda yake jera ganguna da waƙafi tun daga sakin layi na farko yana iya ƙarar da makin nan kafin ya juya shafi. Kuma kowa ya san in babu kiredit a Turanci, zancen shiga KASU ko ABU Zariya ya tsaya ke nan sai wata shekara.

To hanyoyin gyara suna da yawa, littattafan makaranta kuma sukan jera su kamar duk ɗaya suke, ɗauki wadda ka ga dama. A ganina ba ɗaya suke ba. Kowacce da abin da take ba ka da abin da take karɓewa.

Mafi sauƙi ita ce aya. Ka raba gangunan, ka fara ta biyu da babban baƙi: "The rain started. We ran into the mosque." Babu ƙa'idar da za ka haddace, kuma matuƙar ɓangarorin biyu tsayayyu ne, babu mai dubawar da zai kama ka da laifi. In ana ta kiran saura minti biyar a ɗakin jarrabawa, ka hango jimlar da ta zarce, aya za ka ɗiga ka wuce. Haka nan duk inda ganga ta biyu ta ɗauko wani zance dabam, aya ce kaɗai ta dace, don babu dalilin tilasta wa abubuwa biyu zama a jimla ɗaya alhali ba su da alaƙa ta kusa.

Sai dai wanda ya mai da aya maganin komai zai wayi gari yana rubuta irin wannan: "My father is a tailor. He works in Tudun Wada. He has two machines. He sews kaftans." Babu kuskure ko ɗaya, amma rubutun ɗan aji uku na firamare ne. Ya tsare maki 10 na ƙa'idoji, ya yi sakaci da maki 20 na sarrafa harshe, inda ake duba ko ɗalibi ya iya sauya tsarin jimla. Aya kuma tana ɓoye dangantaka. Ta ce an fara ruwa, ta ce mun shiga masallaci, ba ta ce ruwan ne ya kora mu ba, mai karatu ne zai cike wannan da kansa. Akwai kuma haɗarin da nake yawan gani ga wanda aka tsorata shi da doguwar jimla: sai ya riƙa sara ko'ina, ya rubuta "We ran into the mosque. Because the rain started." Ɓangare na biyu guntu ne da ba ya tsayawa da kansa, shi ma kuskure ne mai cin rabin maki. An gudu ba a tsira ba.

Hanya ta biyu ita ce a bar waƙafin a inda yake, a ƙara masa mahaɗi. Mahaɗan da aka yarda su haɗa ganga biyu tsayayyu bakwai ne: for, and, nor, but, or, yet, so. Malamai kan tattara haruffansu na farko su ce FANBOYS don sauƙin hadda. "The rain started, so we ran into the mosque." Kalma ɗaya aka ƙara, amma yanzu jimlar ta faɗi dalili, abin da aya ta kasa yi. Waƙafin kafin mahaɗin yake zuwa, ba bayansa ba. In gangunan gajeru ne sosai, marubuta da yawa, musamman masu bin salon Ingila wanda shi makarantunmu suke bi, sukan bar waƙafin, kuma ba laifi ba ne.

Cikin bakwai ɗin nan, huɗu ne na aikin yau da kullum: and, but, or, so. Yet tana kusa da but, tana ɗauke da ɗan mamaki. For da ma'anar "domin" ta tsufa a baki, ba kasafai za ka buƙace ta ba. Nor kuwa tana juya tsarin abin da ya biyo ta, sai ka ce "He did not call, nor did he write", wanda bai saba ba gara ya bar ta.

Wadda ta fi cutar ɗalibanmu ita ce and. Da zarar yaro ya gane cewa and tana kawar da jan biro, sai ya cusa ta duk inda da yake sa waƙafi: "The rain started and we ran into the mosque and we met some traders and they gave us space." A nahawu ba za a ce ta zarce ba, amma mai karatu yana gajiya, kuma and ba ta faɗin komai in ban da "ga wani abu kuma". Dubi bambancin "He studied hard, and he failed" da "He studied hard, but he failed." Ta biyu ce ta nuna marubucin ya san cewa abin ya saɓa wa tsammani. Kafin ka rubuta and, tambayi kanka ko but kake nufi, ko so. Sau da yawa ɗaya daga cikinsu ce.

Akwai wata dabara a ƙarƙashin wannan hanya da ba a cika koyarwa ba, ni kuwa ina ganin ita ce ta fi amfani ga mai tunani da Hausa. In wanda ya yi aikin mutum ɗaya ne a duk gangunan, to ambace shi sau ɗaya tak, ka jera aikatau. Koma ga tafiyar nan ta Kasuwar Barci: "I left Rigasa, took a tricycle, got down at Kasuwar Barci and bought some cloth." An cire I guda uku, an sa and kafin aiki na ƙarshe, jimlar ta zama Turanci mai kyau, kuma saurin labarin yana nan yadda yake a Hausa. Dalili shi ne yanzu ganga ɗaya ce mai aikatau huɗu, waƙafi kuwa yana da ikon raba jerin abubuwa. Mu ba ma iya jefar da "na" ɗin nan a Hausa, dole kowane aikatau ya zo da nasa, shi ya sa hannu yake maimaita I ba tare da an umarce shi ba. Duk wanda zai rubuta insha'in labari, wannan dabara ita zai fara gwadawa. Sharaɗinta ɗaya ne: kada mai aikin ya sauya. Da zarar an tashi daga I an koma he ko the driver, sabuwar ganga ta fara, sai a nemi wata hanya.

A nan ne ya kamata a yi maganar then, wadda ɗalibai suke ɗauka a madadin "sai" da "sannan". Ba ta cikin bakwai ɗin. Za ka ga "He prayed, then he left" a rubutun Turawa da kansu, amma mai dubawa mai tsanani yana da hujjar zagaye ta. A jarrabawa rubuta "He prayed and then left", ka huta.

Hanya ta uku waƙafi mai ruwa ne, alamar nan mai ɗigo a sama da waƙafi a ƙasa. Mai buga littattafai Aldus Manutius ne ya fito da shi a birnin Benis na Italiya a ƙarshen ƙarni na 15, aikin waƙafi mai ruwa kuwa shi ne ya riƙe ganga biyu tsayayyu masu kusancin ma'ana ba tare da mahaɗi ba: "My brother lives in Kawo; my sister lives in Barnawa." Abin da ya biyo bayansa da ƙaramin baƙi yake farawa, sai in sunan yanka ne ko I. Ya fi kyau inda gangunan suke fuskantar juna, wannan a arewa wancan a kudu, wannan ya samu wancan ya rasa. Gwajinsa mai sauƙi ne: in aya ba za ta zauna a wurin ba, shi ma ba zai zauna ba.

Ra'ayina a kansa shi ne ɗalibin sakandare ba ya buƙatarsa fiye da sau ɗaya ko biyu a insha'i guda, kuma babu makin da aka keɓe don an gan shi. Wasu suna watsa shi ne don rubutu ya yi kama da na masu ilimi, sai ka gan shi kafin because, ko kafin jerin kayayyaki inda ruwa biyu, wato ɗigo biyu ɗaya a kan ɗaya, ya kamata. Amma akwai wuri ɗaya da ba a iya kauce masa sai dai a koma ga aya, kuma wurin ne manya suke faɗawa, har ma'aikatan ofis da masu rubuta kundin kammala digiri. Ina nufin however, therefore, moreover, consequently, otherwise, nevertheless da ire-irensu. Suna kama da mahaɗai, amma bayanau ne, wato kalmomin da suke ƙara bayani kawai, ba sa ɗaure ganga da ganga. "The contractor was paid, however the borehole is not working" jimla ce da ta zarce, duk da kwarjinin da take da shi. Daidai shi ne: "The contractor was paid; however, the borehole is not working." Ko kuma aya kafin However da waƙafi bayanta.

In ka rikice ko kalma mahaɗi ce ko bayanau, gwada matsar da ita. Kana iya cewa "the borehole, however, is not working", ko ka kai ta ƙarshe, jimlar ba ta lalace ba. Gwada haka da but ka gani: "the borehole, but, is not working" ba Turanci ba ne. Wadda take yawo bayanau ce, tana buƙatar waƙafi mai ruwa ko aya a gabanta. Wadda ta kafe a tsakiya ita ce mahaɗi.

Hanya ta huɗu ita ce na fi so, ita ce kuma ta fi neman tunani. A nan ba a barin gangunan biyu a matsayi ɗaya. Ana mai da ɗaya dogarau ta hanyar sa mata because, although, when, after, before, if, unless, while, since ko as soon as, sai ta jingina da ɗayar. "When the rain started, we ran into the mosque." Ko kuma: "We ran into the mosque because the rain started." Ƙa'idar waƙafi a nan ita ce: in dogarau ta zo a farko, waƙafi yana biye da ita, in ta zo a ƙarshe, galibi ba a sa shi.

Abin da ya ɗaukaka wannan hanya shi ne tana tilasta wa marubuci ya yanke hukunci. Wane zance ne babba, wane ne ɗan rakiya? Mene ne tsakaninsu, lokaci ne, dalili ne, sharaɗi ne ko saɓani? Ɗauki wasiƙar da ake yawan cewa ɗalibi ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma. Ya rubuta: "The road was repaired last year, it is already full of potholes." In ya gyara da "Although the road was repaired last year, it is already full of potholes", nauyin zancen ya faɗa kan ramukan, wasiƙar ta zama koke. In ya ce "Although the road is full of potholes, it was repaired last year", nauyin ya koma kan gyaran, kamar yana kare wanda ya yi aikin. Kalmomin kusan ɗaya ne, manufar ta juya. Aya ba ta iya wannan, and ba ta iyawa, waƙafi mai ruwa ma ba ya iyawa. Shi ya sa a insha'in muhawara da na bayani, inda ake son a ga yadda hujja take bin hujja, wannan hanya ce take jawo makin sarrafa harshe.

Tana da nata ramukan, kuma mafi zurfinsu daga Hausa yake zuwa. Mu muna cewa "Ko da yake ya yi karatu, amma bai ci ba", daidai ne ƙwarai. A Turanci ɗaya ake ɗauka, ko although ko but, ba a haɗa su. "Although he studied, but he failed" kuskure ne da ya cika takardun ɗalibanmu, haka ma "Because it rained, so we stayed." Sannan since tana iya nufin lokaci, tana iya nufin dalili, while kuma tana iya nufin "a lokacin da" ko "alhali", don haka in akwai yiwuwar ruɗani, because da although sun fi fito da magana fili. Sai kuma masu tara dogarau uku ko huɗu a jimla ɗaya har su manta da ganga tsayayya, a kai ƙarshe ba a san wa ya yi me ba. Dogarau ɗaya, in ta yi yawa biyu, ta isa.

Who da which ma suna cikin wannan dangi. "My aunt teaches at a primary school in Badarawa, she has six children" tana komawa "My aunt, who teaches at a primary school in Badarawa, has six children." Tana da kyau musamman inda ganga ɗaya ƙarin bayani ce kawai a kan mutum ko abu. Akwai kuma masu taƙaita ganga ɗaya da aikatau mai ƙarewa da ing: "Seeing the rain, we ran into the mosque." Tana da armashi in ta yi daidai, amma dole wanda ya ga ruwan ya zama shi ne aikau na abin da ya biyo baya. Wanda ya rubuta "Walking along Ahmadu Bello Way, a car splashed water on me" ya ce motar ce take tafiya da ƙafa. Garin neman gira kada a rasa ido. Wanda bai ƙware ba ya tsaya ga "As I was walking".

Ruwa biyu yana aiki ne kawai in ganga ta biyu tana fassara ta farko ko tana cika alkawarin da ta yi: "The reason is simple: the school has no library." Dogon layin nan da ake kira dash a Turanci yana iya yin irin wannan aiki, amma na rubutun hira ne, ba na wasiƙar neman aiki ba.

Bari mu ɗora su duka kan zance ɗaya, don a aikace ba a gyara sakin layi da hanya guda. Ga irin abin da ɗalibi kan rubuta: "My uncle sells spare parts in Panteka, he opens his shop at eight, customers come from Zaria and Kafanchan, he does not sell on credit, however he helps his old customers, they always come back." Ganga shida, waƙafi biyar, kuskure biyar. Biyun farko mutum ɗaya ne yake aiki, sai a cire he a sa and. Ta uku ta sauya aikau, ta kuma ɗauko zancen masu saye, aya ta dace. Tsakanin ta huɗu da ta biyar saɓani ne, tsakanin ta biyar da ta shida sakamako. Sai a samu: "My uncle sells spare parts in Panteka and opens his shop at eight. Customers come from Zaria and Kafanchan. Although he does not sell on credit, he helps his old customers, so they always come back." Jimla uku, doguwa da gajera da doguwa, kuma yanzu mai karatu ya san abin da yake sa mutane dawowa shagon. Da an sa aya biyar da an tsira daga jan biro, amma da wannan bayanin ya ɓace.

Zaɓin kuma yana bin irin rubutun da ke gabanka. A insha'in labari na WAEC ko NECO, jera aikatau ƙarƙashin aikau ɗaya, ka riƙa sa when da after da as soon as don nuna lokaci, ka bar gajerun jimloli masu aya don wuraren da abu ya yi zafi. A sashen taƙaitawa, inda ake son kowace amsa ta zama cikakkiyar jimla, kada ka yi ado: amsa ɗaya, jimla ɗaya, aya. JAMB ba ta sa ka rubuta insha'i, zaɓi ne a kwamfuta, amma wanda ya san cewa although ba ta tafiya da but, ya san inda however take zama, zai gane amsar da ta dace a tambayoyin cike gurbi. Mai rubuta takardar ofis ko wasiƙar neman aiki ya fi buƙatar aya da because, ya kuma rage amfani da kalmar so ta Turanci a farkon ganga don tana da ƙanshin hira. Ɗalibin jami'a ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da yake rubuta kundi, shi ya kamata ya bi kowace however da therefore da ke cikin aikinsa ya duba alamar da ke gabanta, don can nasa kuskuren yake taruwa. A WhatsApp da Facebook babu mai rage maka maki, sai dai hannun da ya saba jera waƙafi a waya ba ya sauya hali don ya shiga ɗakin jarrabawa.

Wani ɗalibi mai kaifin ƙwaƙwalwa zai iya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai maganar nan ta Julius Caesar da ake fassarawa I came, I saw, I conquered waƙafi kaɗai ke cikinta." Gaskiya ya faɗa. Marubutan adabi suna yin haka da gangan in gangunan gajeru ne masu tsari iri ɗaya, don su ba zance sauri. Amsar da zan ba shi ita ce mai duba takarda ba shi da hanyar sanin ko da gangan aka yi, kuma yana da tarin takardu a gabansa. Akwai dai wuraren da waƙafi kaɗai ya halatta a kowane irin rubutu, kada a je ana gyara abin da bai ɓaci ba: 'yar tambayar da ake liƙawa a ƙarshe, kamar "You are coming, aren't you?", da tsarin "The more you read, the better you write", da waƙafin da ke zuwa kafin maganar wani bayan he said.

Manhajojin gyaran rubutu na kwamfuta da waya suna kama wasu daga cikin waɗannan jimloli, wasu kuma su wuce su. Ko sun kama, abin da suka fi bayarwa aya ne ko waƙafi mai ruwa, don ba su san ko dalili kake nufi ko saɓani ba. Suna da amfani ga mai buga kundi a shagon kwamfuta, amma ba a shiga jarrabawa da su.

Saura yadda za ka gano jimlar tun kafin wani ya gano maka. Karanta rubutunka daga farko zuwa ƙarshe ba ya taimakawa sosai, don kunnen Bahaushe ba ya jin komai a jerin ganguna, daɗi ma yake ji. Ido za ka sa. Bi waƙafi ɗaya bayan ɗaya, ka dubi kalmar da ta biyo shi. In I ce, ko he, she, it, we, they, this, there, ko kuma however, therefore, then, to tsaya. Rufe abin da ke bayan waƙafin da yatsa ka karanta na gabansa: ya tsaya da kansa? Rufe na gaban ka karanta na bayan: shi ma ya tsaya? In duka biyun sun tsaya, ka kama ta. In na farkon ya fara da when ko although ko if, waƙafin yana kan daidai, bar shi.

Ga malamai, musamman masu koyar da lesin na yamma a unguwanni, ina roƙon a daina tsayawa ga zagaye wurin da jan biro kawai. A rubuta jimla ɗaya da ta zarce a allo, a sa aji su gyara ta ta hanya huɗu, sannan a tambaye su wace ce ta faɗi abin da marubucin yake nufi, kuma don me. A bar su su fara faɗin alaƙar da Hausa, "saboda" ce ko "amma" ko "da zarar", kafin su nemo ta Turancin. A takardar WAEC ana shawartar ɗalibi ya ba insha'i kimanin minti 50, a koya masa ya ware biyar na ƙarshe don bin waƙafi kaɗai.